Ungulu da Shamuwa: Yadda Labari Ke Raya Dabba, Yake Kuma Kashe Ta

Ɗan ƙanwata yana da shekara tara. Wata rana ya ji mahaifiyarsa ta yi wa wata baƙuwa habaici bayan fitarta, ta ce ai ungulu ba ta jewar banza. Bai ce uffan ba sai da yamma, ina zaune ina shan shayi, ya matso ya ce, "Kawu, ita ungulun nan akwai ta da gaske, ko irin su Dodo ce?" Na fara dariya, sai dariyar ta maƙale mini. Yaron nan yana bin uwarsa kasuwa, ya sha raka ni kwata sayen kayan ciki, amma tunda ya zo duniya bai taɓa ɗora ido a kan ungulu ba. A wurinsa ita da Gizo da Ƙoƙi da Botorami duk 'yan gida ɗaya ne.

Mu kuwa da muke kamarsa, ture su muke yi mu wuce. Tun da hantsi rufin kwata ke yin baƙi ƙirin da su, sun jeru sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki, suna jiran a juye tumbi. Mahauci na fiɗa, su suna ɗingishi a bayansa taku biyu ko uku, ba ruwansu da wuƙarsa, shi ma ba ruwansa da su. Kafin azahar wuri ya yi fes. Kwanan baya na tambayi wani dattijon mahauci yaushe rabonsa da su. Ya jima yana wasa wuƙa, sannan ya ce, "Malam, wallahi sai da ka faɗa na tuna. Ba mu ga tafiyarsu ba. Mun dai ga wari ya ƙaru, karnuka sun yi yawa."

Wannan "ba mu ga tafiyarsu ba" ita ta hana ni sakat. Tsuntsuwa mai girman dinya ta ɓace daga gari sukutum, ba wanda ya yi cigiya. A 'yan shekarun nan masana muhalli da malaman makaranta a ƙasashe da dama sun koma wa tatsuniya da almara, suna cewa da su za a sa mutane su damu da namun daji, tunda jawabin taro da takardar bincike ba sa taɓa zuciya. Da gaskiyarsu. Sai dai wanda ya tashi a gidan da ake "ga ta nan ga ta nanku" ya san abin bai zo da sauƙi haka ba. Labari yakan yi wa dabba katanga, yakan kuma yanka mata farashi. Shamuwa da ungulu a gari ɗaya suke kwana, amma abin da bakinmu ya yi wa kowacce daban ne.

Shamuwa baƙuwar shekara ce. Lokacin da muke rani tana can gabashi da kudancin Afirka, sai ta biyo ruwa ta iso mana wajen Afrilu zuwa Mayu, dab da faɗuwar damina. Ba ta neman daji. Tsakiyar gari take shigowa ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka ko rimin ƙofar fada, ta yi ta zubo wa mutane kashi a kan shanya, a haƙura. Manomi na ganin ta zai leƙa rumbu ya duba iri. A ƙauyen kakannina yaro zai harbo kurciya da danƙo a yi masa dariya, zai kwaso ƙwan zabo a ce ya yi ƙoƙari, amma ranar da ya ɗaga wa shamuwa dutse, duk babban da ya gan shi ubansa ne a wannan rana. Abin da ake gaya mana shi ne wanda ya taɓa ta ya kore wa gari ruwa.

To, shamuwa ba ta kawo ruwa. Ƙwari take bi, su kuma ƙwarin ruwa suke bi. Abincinta fara da babe da tsutsotsin da ke cin shuka tun tana ƙarama, shi ya sa za ka gan ta tana taku a gona bayan mai huɗa. Wato dalilin da aka ba mu ba gaskiya ba ne, amma hukuncin da aka gina a kansa ya yi wa gona amfani shekara da shekaru, babu ma'aikacin gandun daji, babu kasafin kuɗi, babu kotu. Duk wanda ke cewa labarin gargajiya na kare halitta, irin wannan yake nufi, kuma ba a nan kaɗai ake samun sa ba. A garin Paga da ke kan iyakar Gana da Burkina Faso akwai tafkunan da kadoji ke kwance yara na wanka a gefensu, saboda mutanen garin sun gaji labarin cewa kada ne ya ceci kakansu, don haka kashe shi tamkar kashe ɗan gari ne.

Yanzu a dubi ungulu. Kowa zai ɗauka zagin da muke yi mata ne ya cuce ta: ƙazama, mai jiran mushe, koma gidanki na tsamiya. Ni a ganina zagin ma kariya ya yi mata, don ba mai sha'awar taɓa abin ƙyama. Yabo ne ya kashe ta. Mutane sun lura dabba na faɗuwa a daji, sama wayam, kafin ka juya ungulaye sun cika wurin. Sai aka ce lalle wannan tana ganin abin da ke ɓoye. Gaskiyar maganar, ido ne da ita mai kaifi, kuma in suna shawagi can ƙololuwa kowacce na kallon 'yar'uwarta. Ɗaya na yin ƙasa, na nesa su biyo, na bayansu su biyo su. Amma labarin ganin gaibu ya fi daɗin ji, kuma ya fi kawo kuɗi. Je ka wurin 'yan shimfiɗa a babbar kasuwa ka tambaya a hankali. Kai daban, ƙwaƙwalwa daban, ƙafa da gashi daban. Masu saye kuwa ba jahilan ƙauye ba ne kamar yadda muke son ɗauka: akwai ɗan caca mai son ganin lamba a mafarki, akwai ɗan kasuwa, akwai ɗan takara. Najeriya da Benin su ne manyan kasuwannin wannan haja a Afirka ta Yamma, kuma da ta yi wuya a gida sai fatake suka riƙa ƙetarawa Nijar da Chadi da Kamaru da Burkina suna kawowa.

Yadda ake kamun shi ya sa ɓarnar ta yi yawa. Ba ɗaya-ɗaya ake harbi ba. Mushe ake barbaɗa wa guba irin ta feshin gona, a koma gefe a jira. Halin nan nasu na kiran juna shi ke tara su a kan ajali. A farkon 2020 an tsinci ungulaye fiye da 2,000 a mace a Gini Bisau, da yawansu an cire musu kai. Wani babban nazari da ya haɗa alƙaluma daga sassan Afirka ya nuna nau'i takwas na ungulu sun ragu da kashi 62 cikin ɗari a shekara 30, kuma cikin mace-macen da aka rubuta kashi 61 guba ce, kashi 29 fataucin sassan jiki. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke bakin ƙarewa, ta saka ungulun kwata a matakin da daga shi sai a ce babu ita a daji. Ga shi kuma ƙwai ɗaya tal take yi a shekara. Abin da aka kashe a wuni guda, shekara goma ba ta mayar da shi.

Mujiya ita ko ba ta samu ko yabon ba. Tsuntsuwar mayu ce, in ta yi kuka a kan ɗaki an ce mutuwa ta yi sallama, yara na ganin ta da rana sai jifa har ta daina motsi. Alhali mujiya biyu da 'ya'yansu na cinye ɓeraye sama da dubu a shekara, har da irin ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau. A Malesiya masu gonakin kwakwar manja akwatuna suke kafa mata a kan sanda don ta zo ta zauna ta yi musu maganin ɓera. Mu muna kashe ta kyauta, sannan mu je mu sayi shinkafar ɓera da kuɗinmu.

Batun kura ya fi ba ni haushi, domin ita ce tatsuniya ta fi zalunta. Ba ta taɓa fita da mutunci ba. Kullum ita ce mai haɗama, wawuya, ga tsoro ga ban tsoro. Gizo ya yaudare ta, dila ya sa a yi mata duka, akuya ma ta yi mata wayo. Da wannan ido muke kallon ta a hannun gardawa, an sa mata takunkumi da sasari ana ja a kasuwa, har muka mai da wahalarta karin magana: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya bi kuraye a daji ya san ba haka suke ba. Dangi-dangi suke zama, mata ke mulki, kowacce ta san matsayinta da na 'yan'uwanta, kuma a wurare da yawa mafi yawan abin da suke ci su suka farauto. Sau da yawa ma zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Haƙorinta na fasa ƙashin da ya gagari kowa, cikinta na narkar da mushen da zai kwantar da gari.

A Harar, tsohon birnin Musulmi mai ganuwa a gabashin Habasha, labarin da aka gada game da kura wani ne daban. Can cewa ake yi tana cinye miyagun aljanu. A jikin ganuwar akwai ƙananan kafofi da kuraye ke shiga da dare su share juji, akwai kuma gidajen da suka gaji ciyar da su: mutum ya zauna a ƙasa, ya rataya tsoka a ɗan tsinke, wani lokaci ya riƙe tsinken da bakinsa, kura ta zo ta karɓa ta koma. Lokacin Ashura har fate ake dama musu da man shanu. A Mekele da ke arewacin ƙasar, masu bincike sun ƙiyasta kuraye na kawar da kimanin tan 200 na mushe da sharar yanka a shekara. Dabba ɗaya, addini ɗaya, amma a Harar maƙwabciya ce, nan abin ja da sarƙa. Ban ce mutanen Harar sun fi mu tausayi ba. Labarin da aka ba su tun suna goye ne ya bambanta da namu.

To in haka ne, ina amfanin tatsuniyar? Ni dai ba a darasin da ake liƙa mata a ƙarshe nake ganin sa ba. Amfaninta na farko shi ne tana riƙe suna. Tsakanin 1911 da 1913 wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya buga tatsuniyoyi da labaran Hausa har juzu'i uku, waɗanda malaman ƙasar nan suka rubuta masa da ajami. Irin waɗannan tsofaffin labarai in ka bi su kamar kana karanta rajistar dajin da ya shuɗe ne: giwa, ɓauna, dorina, gwanki, kanki, gada, damisa, jimina, gauraka, burtu. Masu ba da labarin ba su yi bayanin kowacce ba don mai sauraro ya san ta, wataƙila ma ta taɓa yi masa ɓarna a gona. Yau muna cewa wane ya yi shigar burtu, amma mutum nawa ne suka taɓa ganin burtu, balle maharbin da ke ɗaura kansa a goshi yana rarrafe cikin ciyawa? Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe a garuruwan da rabon su da barewa tun kafin a haifi hakimin yanzu. Zaki da muke yi wa kirari da manyan dawa, binciken da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta kusan 400 suka rage a duk Afirka ta Yamma, galibinsu a gandun da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina. Na Najeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji.

Sunan nan da ya rage ba ƙaramin abu ba ne. Da ɗan ƙanwata bai ji kalmar ungulu a bakin uwarsa ba, da ba abin da zai tambaya. Yaron da bai san akwai gwanki ba, ba za ka iya sa shi ya ji zafin rashin gwanki ba, ko da ka nuna masa jadawali goma.

Amfani na biyu, a cikin ƙaryar akwai lura. Kakanninmu sun zuba wa dabbobi ido fiye da yadda muke zato. Hankaka mai da ɗan wani naka, in ji su. Sun ga hankaka na ciyar da ɗan tsuntsun da bai yi kama da shi ba, suka ce satowa ya yi. Masana tsuntsaye sun tarar akwai wata tsuntsuwa da ke faki idonsa ta saka ƙwanta a sheƙarsa, shi kuma ya yi ta wahalar reno. An juya laifin, amma abin da aka gani ɗin gaskiya ne. Malamin da ya iya aikinsa daga nan zai kama: ya kawo karin maganar da yaro ya riga ya haddace, ya ce to mu je mu duba ko haka ne.

Akwai tatsuniyar da na fi so a wannan fage, kuma babu kalmar muhalli ko ɗaya a cikinta. Ana yunwa, hankaki suka gano wani ɓaure a tsakiyar kogi, ya yi 'ya'ya jingim. Gizo ya yi ta magiya har kowane ya cire gashi ɗaya ya ba shi, aka liƙa masa fiffike, aka tashi tare. Da aka sauka, duk ɓauren da wani ya kai baki sai Gizo ya daka tsawa da tsamin bakinsa, "Nawa ne, ni na yiga gani!" Ya cika burgamensa, ya hana masu bishiyar ci. Suka bari ya yi barci, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi. Da ya farka ya yi tsalle, sai tsundum a ruwa.

Yawancin masu bayarwa a nan suke jaddadawa, su ce ka ga sakamakon haɗama. Ni kashi na biyu ne ke tsaya mini. A yadda kakata ke ba da ita, Gizo ya nutse har gidan kada, ya fashe da kuka ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami. Aka karɓe shi, aka sauke shi a ɗakin da ake ajiye ƙwai ɗari. Dare na yi ya hura wuta ya riƙa gasawa ɗaya bayan ɗaya. In ƙwai ya fashe, 'ya'yan kada su ce baƙo ya yi tusa, uwarsu ta kwaɓe su ta ce ba a yi wa baƙo haka. Kafin asuba saura ɗaya. Da aka zo ƙirga, Gizo ya ce ku zauna, ni zan riƙa miƙo muku. Ya fito da ƙwan nan guda, aka shafa masa alama, ya koma ciki ya lashe alamar ya sake fitowa da shi. Haka har ɗari. Kada ta ce alhamdulillahi, sun cika.

Duk lokacin da na ji wani ya ce "ai suna nan da yawa a daji", ƙwan nan nake tunawa. Kowa ya ga ungulu ɗaya a hanyar wani gari shekara uku da suka wuce, kowa ya ji an ce akwai kura a bayan wani dutse, sai mu yi ta miƙa wa juna ƙwai ɗaya muna ƙirga ɗari. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi wasu hanyoyi a Burkina da Mali da Nijar wajen 1970 yana ƙirga tsuntsaye masu cin nama, ya dawo ya bi hanyoyin nan dai a 2003 da 2004. A wajen gandun daji, manyan nau'o'in ungulu sun ragu da kashi 98 cikin ɗari. Shi ya shiga ɗakin da kansa ya duba. Na ba ɗan ƙanwata wannan tatsuniya a daren da ya yi mini tambayarsa. Batun tusar ya fi ba shi dariya, amma ashe ƙirgar ta zauna masa.

Sai dai kada mu ɗora wa tatsuniya kayan da ba za ta iya ɗauka ba. An ƙirƙire ta ne a zamanin da daji ya fi ƙarfin mutum. Giwa na tattake gona, kura na ɗauke yaro a bakin zaure, don haka gwarzon labari shi ne wanda ya kashe dabba. Ko labarin kafuwar ƙasar Hausa a kan haka ya tsaya: macijiya ta tare rijiyar Kusugu a Daura, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya zo ya sare mata kai ya auri sarauniya. Babu tatsuniyar da ta taɓa tunanin ranar da dajin zai ƙare, domin masu yin ta ba su ga alamar haka ba. Yanzu da abin ya juye, mai ba da labari na da aikin da kakarsa ba ta yi ba.

Kuma ko labarin ya yi kyau, ba ya tare guba. Indiyawa na da ungulu gwarzo a tsohuwar almararsu ta Ramayana, sunansa Jatayu, wanda ya ba da ransa wajen ƙoƙarin ƙwato Sita daga hannun wanda ya sace ta. Duk da wannan daraja, daga shekarun 1990 ungulayen Indiya suka riƙa zubowa matattu, har wani nau'i ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari tsakanin 1992 da 2007. Ba wanda ya nufe su da sharri. Maganin ciwon jiki ne mai suna diclofenac da ake yi wa shanu allura. Saniya ta mutu da shi a jiki, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace. Sai a 2004 masu bincike suka gano, a 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana ba dabbobi shi. Kafin nan mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka ninka, ciwon haukan kare ya bazu, ruwan sha ya gurɓata. Wasu masana tattalin arziki biyu sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulun ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Tuna abin da dattijon mahaucin nan ya ce: wari da karnuka. Ɗakin gwaji ne ya gano cutar, doka ta tsayar da ita. Amma da aka zo gina cibiyar kiwon ungulu a Pinjore don a mayar da su sama, sunan Jatayu aka sa mata, saboda an san da wannan suna Ba'indiye zai ji abin a jikinsa.

Wani wurin ma babu labarin sam aka yi nasara. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, saura 49 suka rage a 1996. Hana farauta da kuɗin masu yawon buɗe ido da tallafin da aka riƙa ba ƙauyukan yankin suka sa suka haura 600, har aka ɗebi takwas a 2018 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi.

Akwai kuma tambayar da Bahaushe Musulmi ba zai tsallake ba: yaya za a yi da kariyar da ta dogara da camfi, alhali malamai sun yi shekaru suna yaƙar camfi, kuma da hujjarsu? Wannan ta taɓa faruwa a Gana. A ƙauyukan Boabeng da Fiema birai na shiga gidaje, in ɗaya ya mutu a yi masa akwati a binne, saboda an ɗauke su 'ya'yan abin bautar garin. A farkon shekarun 1970 mabiya wani sabon coci suka fara kashe su don nuna sun daina tsoron tsafi, sai da aka kafa dokar yanki a 1975 kafin biran su tsira. Darasin da na ɗauka shi ne, ranar da tsoro ya tafi, in ba a aje wani abu a gurbinsa ba, dabbar ce ke biya. Mu kuwa abin ajiyewar na hannunmu, kuma ya fi camfin ƙarfi. Ba na haɗa shi da tatsuniya, don shi gaskiya ne. Aya ta 38 a Suratul An'am ta ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Tururuwa ta yi magana a Suratun Naml, Annabi Sulaiman ya yi murmushi. A Bukhari da Muslim akwai matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da wanda aka gafarta wa saboda kare da ya shayar. Hadisin da ya kore shu'umci ya ambaci "hama", wadda malamai da yawa suka fassara da camfin mujiya. Abin mamaki, mun yi saurin jefar da camfin da ke kare shamuwa, amma wanda ke kashe mujiya da wanda ke sayar da kan ungulu suna nan daram, alhali su ne addinin ya fi kai wa suka. Ban taɓa jin huɗubar Juma'a a kan ungulu ba, kuma ina jin huɗuba ɗaya za ta yi abin da taron otal goma bai yi ba. Gidauniyar NCF ta kare muhalli a Najeriya ta gwada wata hanyar, ta zauna da masu maganin gargajiya don su koma ga itatuwa a madadin sassan ungulu. Wannan ma da harshen labarin ake yin sa, don mai saye ba alƙaluma suka kawo shi kasuwa ba.

Da daminar bana na tafi ƙauye da ɗan ƙanwata gaida kakarsa. Ungulu dai ba mu gani ba, ko a hanya. Amma shamuwa sun zo, suna kan tsamiyar bayan masallaci. Da safe na fito na tarar da shi a gindinta, ya ɗaga kai, yana nuni da yatsa. Tsohuwa ta leƙo daga zaure ta ce, "Maigida, ko karin kumallo ba ka ba ni ba, me kake ƙirgawa?" Ya ce, "Gidajen shamuwa ne, Kaka. Sha ɗaya." Ta ce shekarar da aka kawo ta garin amarya, ganyen tsamiyar nan ba a gani saboda su. Bai amsa ba, ya zagaya ta ɗaya gefen ya sake farawa daga ɗaya, wai kada ya yi irin ta 'ya'yan kada. Sha ɗaya ya sake samu. Ya nemo gawayi ya rubuta 11 a bangon zaure daga ciki, inda ruwa ba ya bugu, ya ce mata in masu yaɓe sun zo ta hana su taɓa wurin sai ya dawo baɗi.